Rangwamen na'urar ɗumama ruwa da rana: wa ya kamata a fara ba wa a Bauchi?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwan zafi abin nema ne a Bauchi. Tun kafin kiran assalatu hayaƙi ke tashi daga gidajen Jahun da Kobi da Bakaro, domin tukunyar wanka ce ke riga ta koko hawa murhu. Masu gidan wanka a tashoshin mota da bakin kasuwanni kan ƙara kuɗi ga mai son a sirka masa. Wanda aka kawo wa wuta ya jefa hita a bokiti yana addu'ar kada a ɗauke kafin ruwan ya yi. Itace da gawayi da gas da lantarki duk ana ƙona su don ɗumama ruwa, a garin da rana ke dukan rufin kwano kyauta kusan kowace safiya ta Allah.

Ƙasashe da dama sun ga irin wannan asara a gidajensu, sai suka fito da rangwame: gwamnati ko kamfanin wuta ya ɗauki wani kaso na kuɗin na'urar ɗumama ruwa da zafin rana, mai gida ko mai sana'a ya biya saura. Abubuwa uku sun sa maganar ta cancanci a duba ta a nan. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kome ya bi shi ya tashi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a shekarar ya tsaya wajen 209. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar makamashinsu da kansu. Ra'ayina shi ne rangwamen zai iya amfani a Bauchi, amma idan aka kwafo shi yadda aka yi a Amurka ko Turai, masu hali na GRA ne za su kwashe, itacen da ake ƙonawa a cikin gari kuma ko ƙirare ɗaya ba zai ragu ba.

Sai an fara bambanta na'urar da solar da ido ya saba gani. Farantan sola na kan rufin gidaje da rijiyoyin burtsatse lantarki suke bayarwa. Wannan kuwa ko ƙwan fitila ba ta kunnawa. Zafin rana take kamawa ta juye shi cikin ruwa kai tsaye. Iri biyu suka fi yawa: mai shimfiɗaɗɗen baƙin faranti da bututan jan ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, da mai jerin bututan gilashi masu ruɓi biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, irin dabarar filas ɗin shayi. A samansu akwai tanki mai rufin riƙe zafi. Ruwan da ya ɗumama ya fi mai sanyi sauƙin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyin ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za su yi ta kewayawa har rana ta yi sanyi. Ba injin turawa, ba batir, ba inbata. Farantin lantarki kan ci moriyar kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ita kuwa tana kama rabin zafin ko fiye. A yankinmu kowace murabba'in mita na samun ƙarfin rana da ya kai yunit 5 zuwa 6 a wuni, don haka faranti mai murabba'in mita 2 ya isa ya ɗumama lita 100.

Lissafin da kome ya rataya a kansa ga shi. Kafin lita 100 ta tashi daga digiri 20 zuwa 60, sai ta ci kusan yunit 4.6 na lantarki. Ruwan wanka bai wuce digiri 40 ba (na Wikki da ke Yankari, wanda jiki ke jin daɗinsa, 31 ne), saboda haka idan aka sirka wannan lita 100 da ruwan sanyi za ta ba da bokiti 10 masu lita 20. A farashin rukunin A na 2024, kuɗin wutar ya kusa naira 970 a rana. Idan a murhun duwatsu uku aka dafa, wanda yawancin zafinsa iska ke kwashewa, za a ƙone busasshen itace kilo 8 zuwa 10.

To, kwana nawa ake bukatar ruwan a shekara? Nan ne Bauchi ta bambanta da ƙasashen da suka ƙirƙiro tsarin. Magidanci a Landan ko Johannasbag kullum yana kunna tukunyar wankansa. Magidanci a Fadamar Mada kwana 90 zuwa 100 yake nema, lokacin hunturu da 'yan kwanakin marka. A watan Afrilu kuwa ruwan tankin kansa sai an bar shi ya huce ake iya wanka da shi. A ce, don sauƙin lissafi kawai, na'urar da ɗaurawarta sun ci naira miliyan 1. Gidan da ke amfani da ita kwana 100 zai tsira da kimanin naira 97,000 a shekara, wato sai ya shekara 10 kafin kuɗinsa su dawo. Otal ko asibitin da ke bukatar ruwan kowace rana zai tsira da sama da naira 350,000, ƙasa da shekara 3 ya fanshe. A yi wa kowannensu rangwamen kashi 30: gidan ya koma shekara 7, har yanzu da nisa ga mai neman na cefane, otal ɗin ya koma shekara 2, alhali ko ba rangwame cinikin riba ne a wurinsa. Ke nan rangwame iri ɗaya ga kowa bai isa ya motsa wanda ake son motsawa ba, kuma kyauta ce ga wanda dama zai saya.

Tarihin tsarin a waje ya nuna inda ake tuntuɓe. A 1979 Shugaba Jimmy Carter ya ɗora farantan ɗumama ruwa 32 a rufin fadar White House, gwamnatin Amurka kuma ta riƙa yafe wa mai saye har kashi 40 na kuɗin daga harajinsa. Kamfanoni suka ɓarke ko'ina, wasu dillalai suka riƙa zuba farashi tunda gwamnati ce ke ɗaukar kaso mai tsoka. Da wa'adin rangwamen ya ƙare a ƙarshen 1985, kasuwar ta rushe, kamfanoni da yawa suka rufe, masu na'urori suka rasa mai gyara. A 1986 aka sauke farantan fadar ma. Rangwamen ya dawo a 2006 a kan kashi 30, sannan dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta sake yanke shi daga ƙarshen shekarar. Ko ba wannan kwan-gaba-kwan-baya, salon Amurka bai dace da mu ba tun daga tushe: sai ka biya kuɗin duka daga aljihunka, ka jira lokacin cike takardar haraji a rage maka. Mai shayi a Wunti ba shi da miliyan ɗin farko, ba shi kuma da takardar da za a rage masa a ciki.

Na Afirka ta Kudu ya fi kusa da mu, ya kuma fi ban tsoro. Kamfanin wutarsu, Eskom, ya fara ba da rangwame a 2008, lokacin da ƙarancin wuta ya fara addabarsu, gwamnati ta ɗora burin na'ura miliyan 1. Abin da aka ɗaura bai kai rabin haka ba. Yawancinsu ƙananan na'urori ne da aka shigo da su daga waje aka jera a unguwannin talakawa, inda dama babu tukunyar wanka ta lantarki, don haka wutar da aka yi fatan ragewa ba ta ragu yadda aka zata ba, duk da cewa mutanen sun samu ruwan ɗumi. An biya 'yan kwangila bisa yawan abin da suka ɗora, ba wanda ya damu ko yana aiki bayan wata shida. Da shirin ya koma hannun ma'aikatar makamashi, ta sayi na'urori sama da dubu 80, da yawansu suka shafe shekaru a rumbunan ajiya ana biyan kuɗin haya. Duk wanda ya san yadda kwangilar raba kaya ke ƙarewa a ƙasar nan ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Wasu sun bi ta doka. Isra'ila ta wajabta na'urar a sabbin gidajen zama tun 1980, yau mafi yawan gidajen ƙasar da ita suke wanka. Kenya ta gwada a 2012, ta ce duk ginin da ke cin ruwan zafi fiye da lita 100 a rana dole ya ɗaura, da tara mai nauyi ga wanda ya ƙi. Masu gidaje suka yi ca, majalisar dokoki ta soke ƙa'idar a 2018.

Wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na Tunisiya, shirin PROSOL da aka fara a 2005 da taimakon hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Italiya. Gwamnati ta ɗauki kusan kashi 20 na kuɗin, banki ya ba da rancen saura, kamfanin wuta na ƙasar, STEG, ya riƙa karɓar biyan kaɗan-kaɗan a cikin takardar kuɗin wuta har shekara 5. Bankuna suka sassauta sharuɗɗa domin sun san mutum ba ya wasa da takardar da za ta sa a yanke masa wuta. Sai dillalin da aka tantance ne ke shiga shirin. Abin da ake yawan mantawa shi ne dalilin da ya sa gwamnatin ta yarda ta zuba kuɗi: da gas ɗin tukunya 'yan Tunisiya ke dafa ruwa, gas ɗin kuma gwamnati ce ke ba shi tallafi. Kowace na'ura da aka ɗora tana rage wa baitulmali nauyi. Mai biyan rangwamen shi ne mai cin ribarsa.

A Bauchi wa ke cin ribar? Kamfanin JED na Jos, wanda ke raba wuta a Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai, ba shi da dalilin biyan mai rukunin A don ya rage sayen wuta, domin shi ne abokin cinikinsa mafi tsoka. Gwamnatin tarayya ce ke cike giɓin kuɗin sauran rukunan, amma su ɗin ba sa samun wutar da za su dogara da ita wajen dafa ruwa. Karɓar rance ta takardar wuta ma da wuya, a inda gidaje da yawa ba su da mita kuma rigimar kuɗin ƙiyasi ba ta ƙarewa. Wanda ya rage ita ce gwamnatin jiha, kuma ribarta a wuri biyu take: kuɗin itace da dizal da take biya wa makarantun kwana da asibitocinta, da dazuzzukan da ake sarewa irin su Lame-Burra. Duka biyun itace suke nunawa, ba mitar lantarki ba. Shirin da aka gina kan rage wa mutum kuɗin wuta ya kauce wa inda matsalar take.

Idan aka bi sawun itacen, za a iske shi a wuraren da tukunya ba ta sauka duk shekara. Ɗakin haihuwa na bukatar ruwan ɗumi dare da rana. Kicin ɗin makarantar kwana na dafa wa ɗaruruwan ɗalibai sau uku a wuni, ga wankin manyan tukwane. Akwai gidajen wanka, da masu figar kaji, da mahauta, da masu abinci, da mata masu turara shinkafa da ke jiƙa ta a ruwan zafi kafin su ɗora. Na'urar ba ta tafasa ruwa yadda murhu ke yi, amma wanda ya fara da ruwan digiri 60 maimakon 20 ya riga ya ci rabin hanyar tafasa, rabin itacen wannan aikin kuma ya tsira.

A cikin gidaje ma akwai lokacin da lissafin kwana 100 ke canjawa, wato wankan jego. Kwana 40 ana dafa ruwa safe da yamma, mai gida ya san itacen jego na cikin manyan hidimomin haihuwa, kuma haihuwa ba ta jiran hunturu. (Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon wuta, da kunun kanwa, saboda haka ruwan da bai kai tafasa ba alheri ne ta wannan fuskar.) Sai dai ba wanda zai sayi na'urar miliyan don kwana 40. Abin da ya fi kama hankali shi ne a samu mai sayar da ruwan zafi a unguwa, kusa da rijiyar burtsatse, ya ɗora na'urori uku ko huɗu yana sayarwa bokiti-bokiti. Mai jego ta aika a sayo, masallaci ya ɗebi na alwalar asuba, ɗan garuwa ya ƙara da kurar ruwan zafi a watan Janairu. Rangwamen da aka ba wannan mutum ɗaya ya isa gidaje masu yawa waɗanda ba za su taɓa cike fom ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da takardun shirye-shirye ba sa faɗa. Na'urar na son ruwa a bututu da tankin sama da ya fi ta tsayi. Gidan da ke sayen ruwa a jarka ba shi da inda zai haɗa ta, kuma ruwan madatsar Gubi ba kowace unguwa yake isa kullum ba. Idan bututan gilashi suka bushe a rana sannan aka sako musu ruwan sanyi, fashewa suke yi. Tanki mai lita 200 idan ya cika ya haura kilo 200, rufin kwano mai siraran katako ba zai ɗauka ba, sai an yi masa dakalin ƙarfe, wanda shi ma kuɗi ne. Ruwan rijiya mai yawan gishirin ƙasa na barin farin dasƙare a bututu, sai an riƙa wankewa. Ruwan bututan gilashi kan kusa tafasa da azahar, don haka gidan da ke da yara na bukatar famfon da ke sirkawa da kansa. Ɗan haya ba zai kashe kuɗi a rufin wani ba, mai gidan kuma ba shi ke sayen gawayin ba. Ga kuma abin haushi: lokacin da aka fi bukatar ruwan shi ne lokacin da ƙurar hunturu ke dusashe rana tana kwanciya a kan gilashi. Na'urar na aiki a hakan, amma da rauni, kuma sai an riƙa goge ta. Wanda ya auna girmanta da ranar watan Maris zai ji kunya a Janairu.

Ba kuma baƙuwar fasaha ba ce a Arewa. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana ƙera irin mai shimfiɗaɗɗen faranti. Mai walda da mai aikin famfo na iya haɗa shi da gilashi da bututu da ƙarfen da ake samu a kasuwa, kuma idan gilashin ya fashe mai yankan gilashi zai yanko wani. Masu bututan gilashi kusan duk daga ƙasar Sin suke zuwa, wadda ta fi kowace ƙasa yawan irin waɗannan na'urori, sun fi riƙe zafi, amma farashinsu na bin dala. Jihar da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejojin kimiyya da fasaha biyu a cikin garin Bauchi bai kamata ta rasa inda za a gwada na'ura a tabbatar da ingancinta, a kuma horar da masu ɗaurawa ba. Rangwamen da ya riga masu gyara isowa, tsatsa zai tara a kan rufi.

Da ni ake shawara, da na ce a raba masu bukata gida uku, kowa da abin da ya dace da shi. Asibitocin gwamnati da makarantun kwana ba rangwame suke nema ba, gwamnati ce ke ɗaura wa kanta don ta rage wa kanta kashe kuɗi. Abin lura kawai kwangilar ta haɗa da kulawar shekaru, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai na'urar ta wuce hunturu guda tana ba da ruwan zafi. Otal-otal da asibitoci masu zaman kansu rance suke bukata, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka, abin da ke cinye ribar shekara ukun nan. Ga masu gudun riba, tsarin murabaha na bankuna irin su Jaiz ya dace da wannan ciniki sosai: banki ya sayi na'urar, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Ma'aikacin gwamnati da ke son ta a gidansa ana iya cire masa daga albashi, hanyar da ta fi takardar wuta tabbas a nan.

Rangwame na gaskiya, wanda ba rance ba ne, ƙananan masu sana'a ne suka cancance shi: mai gidan wanka, mai sayar da ruwan unguwa, ƙungiyar mata masu shinkafa. A cire musu shi nan take a wurin saye, kada a ce su biya su jira. A ƙayyade shi da adadin naira bisa girman faranti, domin idan kaso ne na farashi, dillali zai ɗaga farashin kamar yadda aka yi a Amurka. A sanar tun ranar farko shekarun da zai ɗauka da yadda zai riƙa raguwa, don mai shigo da kaya da yaron da ke koyon ɗaurawa su san abin da suke shiga. A bi ta ƙungiyoyin sana'a wajen tantance masu karɓa, tunda su suka san wanda ke da gidan wanka da gaske da wanda ya buɗe shi a takarda jiya. Dillali kuma a biya shi kashi biyu: rabi ranar da aka ɗaura, rabi bayan jami'i ya zo da ma'aunin zafi da asubar wata ranar Janairu ya tsoma a ruwan.